Karatun kan tudu ya kusa ja mini mutuwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Bello, mai gyaran waya daga wani ƙauye a ƙasar Kebbe.

Na daɗe ina neman kwas na intanet mai sauƙin kuɗi, har na dace da na koyon haɗa manhajar waya. Sai dai garinmu babu sabis sai kan wani tudu bayan gonaki. Kullum bayan la'asar can nake zama, ina saurare ina rubutu.

Ran Talata sai ga 'yan sa-kai sun zagaye ni. Babbansu ya daka mini tsawa: "Kai, wa kaka ba labarin garinmu kullum?" Ya fizge littafina, ya ga zanen akwatuna da kibiyoyi na tsarin manhaja, ya ce taswirar gidaje ce na zana wa ɓarayin daji. Na kunna musu darasin, malamin kuwa Turanci yake yi, abin ya ƙara lalacewa. Ba don limaminmu ya biyo daga gona ba, ya rantse shi ya raɗa mini suna, da wani labarin kuke ji yau.

Ban ga laifinsu ba, mun sha binne 'yan'uwa. Amma an hana ni hawa tudun, jarrabawar kwas ɗin kuma saura mako guda.

Jama'a, don Allah ina zan samu kwas mai araha da ake saukewa a waya, in yi karatuna cikin ɗaki? Ilimi na fito nema, ba likkafani ba.