Motar Ɗaga Kaya da Ke Tsayawa a Rabi

Da kuɗin tunkiyar Innarku na hau motar Kaduna. Kai Nura, ajiye wayar nan ka saurara, ba kai ne mai cewa bana za ka tafi ci-rani ba?

A Hayin Banki na sauka, na kama dako a siton wani Alhaji mai sayar da siminti. Buhu a ka tun safe har la'asar, wuya ya ƙage. Ran nan Alhajin ya ce zai sayi tsohuwar motar ɗaga kaya, wadda 'yan birni ke karya harshe suna ce wa fokilif. Mu 'yan dako cokali mai yatsu muke ce mata, mu huta. Ya ce in an saya ni zan koyi tuƙa ta. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Na rabu da dako ke nan!

Muka tafi Abakpa duba ta, tare da bakanikensa, wani gajere mai surutun tsiya. Sito ne da aka daɗe da rufewa, tsakar rana amma ciki duhu-duhu. Ba kowa sai wani tsoho maigadi, sallamarmu ma da ƙyar ya amsa. Motar tana tsakiya an wanke ta fes, har daɓen ƙarƙashinta an goge.

Bakanike ya taɓe baki. "Alhaji, wai haidurolik ne kawai yake ɗan wasa. Amma wankin nan ban yarda da shi ba, yoyon mai ake ɓoyewa."

Haidurolik ɗin, man da ke ɗaga yatsun ne dai, kar ku sa ni maimaitawa.

Gwajin ba wuya. A ɗora kaya, a ɗaga sama, a kashe inji, a ja layi da alli a jikin ƙarfen, a jira. Mai lafiya ba ta motsi. Muka loda mata bulo, bakanike ya ɗaga, ya kashe. Wuri ya yi tsit. Can sai muka ji wani sauti kamar nishin mara lafiya, yatsun suna saukowa a hankali, a hankali. Da suka zo daidai ƙuguna sai suka tsaya cak.

Ya sake ɗagawa. Suka sake saukowa, suka tsaya nan dai. Bakanike ya zagaya ta, ya dudduba. Ya ce, "In robar da ke riƙe man ce ta cinye, har ƙasa ya kamata ta kai. Ban san abin da ke tare ta ba."

Alhaji kuwa ba ya son jira. "Kai Idi, leƙa ƙarƙashi ka ga inda man yake zuba."

"Alhaji, a tokare da katako tukuna mana."

"Katakon me? Ba ga ta a tsaye ba? Ina aka taɓa direba mai tsoron motarsa?"

Direban nan da ya ce shi ya ja ni. Na tsuguna, na cusa kai. Wani sanyi na ji a ƙeyata, kamar mutum ya hura mini iska. Sai aka fizgo rigata ta baya, na faɗi wanwar. Maigadi ne.

"Nan direbanta ya tsuguna," in ji shi. "Shi ma haka aka ce masa. Tun ranar, daidai tsayin bayansa take tsayawa."

Bai rufe baki ba, tim! Yatsun suka daki ƙasa, bulo ya tarwatse. Hulata tana ƙarƙashi.

Daga baya bakanike ya ce wataƙila ƙarfen ne ya lanƙwashe a wurin. Ban yi masa musu ba. Alhaji dai ya saya, don da labarin ya fito araha ta yi. Ya miƙo mini makulli, na mai da hannuwana baya. Ya zage ni tas, ya miƙa wa Sale, abokin dakona, ɗan Zamfara mai 'ya'ya ƙanana. Na ja Sale gefe na faɗa masa komai. Ya yi dariya, ya ce wuyansa ya gaji.

Kafin damina na dawo gida da buhun tsummokarana. Har yau, duk wanda ya zo daga Kaduna ina tambayarsa kowa da kowa, ban da Sale. Tsoro nake ji ya ba ni amsa.