Masaƙa Ta Cinye Kunnen Yayana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga Hotoro.

Yayana Sale ba ya haɗa kowa da mai gogen nan da kuke sa faifansa ran Juma'a. Da ya sami aikin masaƙa a Bompai, abokan aikinsa suna toshe kunne da auduga saboda ƙarar inji. Shi ya ƙi, wai yana son jin kansa in yana rera waƙar gwaninsa. Dariya muka yi, ba mu hana shi ba.

Yau kunnen ya tafi. In kun sa faifan, sai ya dafa akwatin rediyo ya ce, "Hadiza, an fara?"

Don Allah wanda ya san magani ya taimaka. Na gaji da gyaɗa masa kai.