Na Sa Ƙanwata Ta Ci Zunubina

Salamar Yesu ta kasance da ku duka, 'yan'uwa. Sunana Saratu, a Kaladan nake zaune. Yawancinku kun san ni a sahun mawaƙa da farin ɗankwali. Yau kam ɗankwalin nan ba zai rufa mini asiri ba.

Shekara shida ke nan da rasuwar Babanmu. Ranar ya kira ni da safe, ya ce ƙirjinsa na ciwo, in zo da babur in kai shi asibiti. Na ce ga ni nan zuwa. Amma akwai bikin ƙawata a Sabonjida, har na gama kwalliya. Na ce a raina bari in leƙa tukuna, ai Baba akwai raki. Kafin la'asar ya cika.

Da Mma, mahaifiyarmu, ta tambaye ni, sai na ce na kira ƙanwata Rahila na ce ta je a madadina. Ƙarya ce. Rahila ta musa har da kuka, amma wa zai yarda da ita? Ita ce mai mantuwa a gidanmu, ni ce mai waƙar coci.

Tun daga ranar Mma ta daina cin abincin Rahila. Duk Lahadi Rahila za ta kawo mata tuwo da miyar ayoyo, a rufe za ta koma da kwanonta. Ni kuwa ina kallo, ina haɗiye nawa tuwon.

Watan jiya Fasto ya haska mana wani fim bayan sujada, labarin Turawan ƙasar Wales na zamanin da. Gaskiya don iskar fanka na zauna. Sai ga al'adarsu: idan mutum ya mutu, a ɗora burodi a ƙirjin gawa, a kira wani talaka ya cinye, wai ya kwashe zunubin mamacin. Yana ci, kowa ya juya masa baya, don ya zama abin ƙyama.

Wata tsohuwa a gefena ta ce, "Kai, Turawan nan ba su da tausayi."

Ni kuwa kaina na tuna. Su ko ba komai sun ba mutumin burodi. Ni zunubin kaɗai na ba Rahila, na bar Mma ta juya mata baya.

Da aka gama, Fasto ya ce babu ɗan Adam da zai iya cinye laifin wani, Yesu ya riga ya ɗauka a kan gicciye. Na durƙusa tsakanin bencuna. Ban iya doguwar addu'a ba, na ce, "Ubangiji, ni ce. Ka ba ni bakin faɗa."

Daga nan gidan Mma na wuce. Na tarar da Rahila ta ajiye kwanonta kamar kullum. Na durƙusa na faɗi komai, har sunan amaryar. Ina jiran Rahila ta zage ni, da ma ta yi. Sai ta ce, "Yaya, shekara shida ina dafa tuwon nan, ina jiran ki yi magana."

Mma ta dubi kwanon. Can ta ce, "Rahila, kawo ruwa in wanke hannu." Ta buɗe kwanon, ta ci tana hawaye, har ta suɗe miyar.

Har yanzu Mma ba ta sake da ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma nauyin da ke ƙirjina ya sauka, na gode wa Yesu!

'Yan'uwa, in akwai wanda ke ɗauke da laifinku, ku je ku karɓe shi yau, ku kai wa Mai Ceto. Ya karɓi nawa, zai karɓi naku. Amin.