Muryar da Za Ta Amsa Waya

A tashar Gwarzo muna jiran motar Kabo ta cika, sai wani dattijo ya leƙa kwamfutar da ke kan cinyar budurwar da ke gefensa.

"'Yata, karatu ake yi?"

"Aiki ne, Baba. Ƙungiyar manoman Garo nake haɗa wa layin waya ta intanet. Kwamfuta ɗaya ce za ta riƙa karɓar kira tana rarrabawa, shi ne nake zaɓen manhajar da zan sa mata. Wannan yau ɗin nan zan iya gama ta, amma da Turanci take amsawa. Waccan sai ta ci mini sati, sai dai ana iya sa mata muryar mutum."

"Mai Turancin ita ce mai cewa a danna kaza?"

"Ita ce."

"Akwai ta a kamfanin da ɗana Hambali yake aiki a Legas. In na yi kewarsa na kira, ita ke ɗauka. Ba na jin abin da take faɗa, sai in gaishe ta in kashe."

"Ka taɓa gaya masa?"

"A'a, zai damu. Cewa nake babu sabis a garinmu."

Budurwar ta miƙo masa wayarta.

"Mai wahalar zan ɗauka. Baba, ara mini muryarka."

"Me zan ce?"

"Abin da ka so a ce maka."

Ya gyara hula, ya kai wayar bakinsa.

"Salamu alaikum. Daidai kuka kira. Kada ku kashe, ana zuwa."