Baba Tururi da Ɗakunan Jinya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Shugaban makarantar da ya ba mu aron wannan zaure, babbar Sista ta asibitinmu da ma'aikatanta, dattawan da suka yi aikin masaƙa tare da marigayi, ƙannensa da suka taso daga nesa, 'ya'yansa biyu, Auta da Yayan Auta, maƙwabta maza da mata, assalamu alaikum.

Ku yi mini afuwa, a zaune zan yi magana, bayana ba ya barina tsayuwa. Ni tela ce, jawabi ba aikina ba ne. Waɗanda suka turo ni su ne masu jinya a gida, mu da muke da wani kwance a ɗaki, miji ko uwa ko ɗa, wanda ba asibiti ya riƙe shi ba, ba kuma warkewa ya yi ba. Ranar da aka zauna zaɓen mai magana, kowa ya ce ya gaji. Ni na makara, na tsaya shanya zannuwan gado, ina zuwa na tarar an zaɓe ni.

Yaran unguwa sun san shi da Baba Tururi, har sunan ya danne na yanka. Dattawan nan na gaba sun san shi tun yana saurayi a masaƙa, shi ke kula da tukunyar tururi. Can ya bar rabin jinsa, shi ya sa in yana gaishe ka sai ka ɗauka faɗa yake yi. Da aka rufe masaƙa ya dawo gida, bai jima ba matarsa, Innar su Auta, ta kwanta. Jinyar ta yi tsawo. Mace ce mai tsafta, wadda ko cokali ba ya kwana da datti a gidanta. Sai ga shi ɗakinta ya soma tashi da wari, komai wankin da aka yi. Ta hana kowa shiga duba ta, har ƙawayenta na ƙuruciya. Ba ciwon ne ya fi damunta ba, kunya ce.

Shi ya sa ya je ya nemo injin nan da kuka sani, na wanke kafet da tururi, mai jan tanki da dogon tiyo. Ba don sana'a ya saya ba. Ya bi kafet ɗin ɗakinta da shi, ya bi katifa, ya bi labule, ya bi kujerar da take jingina. Da ɗakin ya bushe, Auta ta gaya mini, Inna ta ja numfashi ta ce, "To, yanzu a ce su shigo." Ta ga mutanenta kafin ta tafi.

Bayan rasuwarta ya soma kai injin gidajen masu jinya, ba wanda ya yi shela. Mu dai masu jinya muna gane juna. A layin karɓar magani muke haɗuwa, da jan ido da busasshen hannu. Wata ta raɗa wa wata, labari ya iso gare ni.

Maigidana ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ne da a da gidanmu ba ya rabo da baƙi, amma sai da ta kai ina tare abokansa a bakin ƙofa ina cewa barci yake yi. Na wanke kafet da omo, na goge da buroshi har yatsuna suka sale, na zuba turare, na kunna na wuta. Abin sai ya zama zarni da ƙamshi a haɗe, ya fi na da muni. Ranar da Baba ya fara zuwa, na tsaya a bayansa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya shiga, ya gaishe da maigida da ƙarfi, ya durƙusa, ya shafa wurin tabon da ke kan kafet da tafin hannu. Bai yamutsa fuska ba. Ya ɗago ya daka mini tsawa:

"Wa ya goge nan?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Kin tura shi ciki ke nan! Ba a goge tabo, 'yata. Dannawa ake yi. Ki sa farin tsumma ki danna, ya tsotse, ki sauya wani. Kuma kwashe mini turaren nan, ƙirjin mutumin nan bai ƙoshi ba."

Wallahi faɗan nan ya yi mini daɗi. Tun da maigida ya kwanta kowa tausayina yake ji, kowa da murya ƙasa-ƙasa yake yi mini magana. Shi ne mutum na farko da ya yi mini faɗa kamar mai rai.

Ya kasance mai bin aikinsa daki-daki. Sai an share tas kafin ya kunna inji, don ya ce tururi a kan ƙura laka yake haifarwa. Sai ya gwada a lungu bayan ƙofa, ya ga ko launin kafet zai zuba. In tabon jini ne ko fitsari, ba ya kai masa zafi da farko, sai ya jiƙa da ruwan sanyi ya tsotse, don zafi dafa shi yake yi ya zauna har abada. Bayan nan ne yake bi da tururi, sannu a hankali, layi bayan layi. In ya gama ya buɗe tagogi duka ya kunna fanka, ya ce duk wanda ya taka kafin ya bushe, shi da shi ne. Kafet da aka bari da danshi fumfuna yake yi, fumfuna kuwa ta fi tabo illa ga mara lafiya.

Ya kasance mai faɗin gaskiya a kan abin da ba zai fita ba. Akwai wurin da shayi da maganin tari suka zube a gefen gadonmu. Ya yi iyakar yinsa, sannan ya ce, "Warin ya tafi, cutar ta tafi, amma alamar tana nan. Ja tebur ki ɗora a kai, ki daina kallonta."

Ya kasance mai rufin asiri. Ya shiga ɗakunan da 'yan'uwa na jini ba sa son shiga. Ya ga manyan mutane a halin da ba sa so a gan su, ya ga katifu da ba a faɗa. Ban taɓa jin labarin gidan wani a bakinsa ba, kuma na tabbata ba wanda ya ji nawa. In ka tambaye shi daga ina, sai ya ce, "Daga aiki." In ka matsa, sai kurumtarsa ta tashi.

Amma abin da ya fi tsaya mana ba wankin kafet ba ne. Mai jinya ba ya barci, gyangyaɗi yake yi da kunne ɗaya a buɗe. Zuwansa na biyu da hantsi, ya dube ni ya ce, "Aikin yau da yawa. Je ki ɗakin ɗinki ki kwanta, ina nan da shi."

Na ce, "Baba, sai an juya shi, sai an ba shi ruwa."

Ya ce, "Na juya wadda ta fi shi rigima. Tafi."

Na kwanta a kan tulin yadin mutane, injin yana huci ta bango. Na yi kuka son raina, don na san ba mai jina, sannan barci ya ɗauke ni. Ban farka ba sai bayan azahar. Na fito a firgice na tarar inji ya huce tuntuni, kafet ya bushe, Baba yana zaune a bakin gado yana ba maigida labarin masaƙa. Shi ba ya jin amsa, maigida ba ya iya ba da amsa, amma su biyun sai dariya suke yi. Daga baya da muka haɗa baki da sauran mata, sai muka gane kowa haka yake yi mata. Ɗan ɗakin da bai kai ya kawo ba, sai ya ce aikin yau da yawa.

Ba zan ce ba shi da aibu ba, don da yana nan da ya ƙaryata ni da ƙarfi. Yana da taurin kai. Ba ya bari a taɓa masa inji, ko ɗauka ba ya bari a taya shi. Wani maƙwabcinmu ya taɓa kai hannu zai buɗe murfin tanki da zafinsa, Baba ya buge masa hannu a gaban matarsa, suka yi wata guda ba sa gaisawa. Kuma in ka ce masa ya huta, sai ya ce, "Me ka ce?"

Kun san yadda ƙarshen ya zo. Akwai wata tsohuwa a saman benen da ke bayan kasuwa, mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, jikarta ce ke jinyarta. Baba yana hawa da injin a hannu, ƙirjinsa ya riƙe. Ya ajiye shi, ya zauna a kan matakala ya jingina da bango. A nan jikar ta same shi. Sista da mutanenta sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, amma kwana ya ƙare. Sai a asibiti muka ji cewa likita ya daɗe da hana shi ɗaukar kaya mai nauyi.

Yanzu, Yayan Auta, da kai nake.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, a ƙofar gidanku, ka ce, "Kun yi ta kiransa, kun yi ta kiransa, har kuka ƙarar da shi." Dattawa suka ce ka yi shiru. Mu kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Ni ban ga laifinka ba. Ka gyara masa ɗaki a gidanka a garin da kake aiki, ka yi ta roƙonsa ya koma wurinka ya huta cikin jikokinsa, ya ƙi. Sai ga shi an kira ka an ce mahaifinka ya faɗi a matakalar wasu, da injin wanke ƙazantar wasu a gefensa. Ko ni ce, abin da zan faɗa ke nan.

Mun kira shi, gaskiya ne. Mun sha kiransa. Ba mu san da maganar likita ba, amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba, don mun ga yana haki. Wanda ya gaji irin gajiyarmu, idonsa a kan gado yake, ba ya ɗagowa ya dubi fuskar mai taimakonsa. Sai dai ina so ka ji abin da ya gaya mini da bakinsa, wata rana yana naɗe tiyo. Na ce, "Baba, me ya hana ka bin ɗanka?" Wannan karon bai ce me kika ce ba. Ya ce, "Yaron nan yana da gaskiya, kuma ɗan kirki ne. Amma in na zauna shiru, ɗakin uwarsa nake gani. In ina aiki kuwa, ranar da ta ce su shigo nake gani." Ba ƙinka ya yi ba, ɗana. Zama ne ba ya iyawa.

Shekaranjiya ka zo gidana karɓar injin, don wurina aka kawo shi ajiya. Ka yi sallama ban amsa ba, ina fama da maigida ya zame daga kan gado, na kasa ɗaga shi. Ka shigo, ka sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa, muka mayar da shi. Ka gyara masa matashi. Ka iya, na gani, ashe kai ma ka yi naka a jinyar Inna. Ka tsaya ka dubi ɗakin, ka dube ni, sannan ka fita. Injin yana nan a bayan ƙofa inda ka gan shi.

Ban sani ba ko mantawa ka yi, ko barinsa ka yi, kuma ba na tambayarka a gaban mutane. Naku ne, kai da Auta. In kun ɗauka, ba mu da abin cewa sai godiya. In kun bari, mun yi shawara a tsakaninmu: zai riƙa zagawa gida-gida, mutum biyu za su riƙa ɗaukarsa, kuma duk wadda ta kai wa 'yar'uwarta, za ta zauna da mara lafiyar ta bar ta ta yi barci. Ko babu inji, wannan zaman za mu yi shi. Abu ɗaya muke roƙo: kada ka koma da wannan nauyi a ƙirjinka. In haushinmu kake ji, ka zo ka faɗa mana, ƙofofinmu a buɗe suke yanzu, mahaifinka ne ya buɗe su.

Auta, ke kika zauna da shi har ƙarshe, ke kike wanke tsummokaransa, ke kike jiransa da abinci yana hucewa. Abin da ya ba mu, daga rabonki ya ɗiba. Mun sani. Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Mai Unguwa, Malam Liman, jama'a, a unguwar nan akwai ɗakuna da yawa da ƙofarsu take rufe, ba don masu su ba sa son baƙi ba. In an ce muku barci yake yi, ku ce za ku jira.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo, da wanda ya shimfiɗa tabarma, da waɗanda suka zauna da marasa lafiyarmu yau don mu samu fitowa. Mu za mu riga ku tashi, kada ku ga kamar raini ne, ana jiranmu.

Ya Allah, bawanka ya zo maka a gajiye. Ka gafarta masa, Ka wanke shi daga kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da matarsa a gidan da babu ciwo. Ka sanyaya zuciyar 'ya'yansa. Ka ba waɗanda ke kwance sauƙi, Ka ba waɗanda ke tsaye a kansu ƙarfi. Ya Allah, mu ya sa mun yi barci shi yana zaune. Ka ba shi hutu.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.