Ƙanƙara a Kan Akwati

A tashar motar Punta Arenas, garin sanyi a kudancin Chile, Eleuterio Barría, mai gidajen haya, ya dubi tsohuwar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, 'yan haya ɓeraye ne, gas suke sha kamar shayi! Na kulle ma'aunin zafin da ke kunna injin ɗumama ɗaki a akwati. Sai ɗaki ya yi sanyi ƙalau injin ɗumama zai tashi."

"Sannu da dabara, maigida! Haka wani marowaci ya yi wa 'yata. Kullum takan ɗora ƙanƙara a kan akwatin, injin ya zaci duniya ta daskare, ya wuni yana ruri. Da singileti jikokina ke yawo."

Eleuterio ya matso kusa da ita.

"A wace unguwa take?"

"Ga motata ta iso. Je ka duba naka, ko yana ɗiga."