Silifas a Layin Likita

Tun da ma'aikaci ya fara duban agogo, tela ya san ba za a kai kansu ba. A asibitin gwamnatin nan takalmi ke riƙe wa mutum layi, likitan ciwon damuwa kuwa sai wata-wata yake zuwa. Takalmin tela na can ƙarshe.

Wata dattijuwa ta dubi 'yar telan da ta haɗa kai da gwiwa.

"Malam, tana cin abinci kuwa?"

"Ina fa, Inna! Da ƙyar na fito da ita ɗaki."

Dattijuwar ta ɗauke silifas ɗinta daga gaba, ta ajiye nasa.

"Haba Inna, ke fa?"

"Ni da ciwon nan mun saba, har hira muke yi. Ita baƙuwa ce. Ku shiga."

Ko an kai kan Inna kafin a rufe, tela bai sani ba.